Tayi Ɗaya Tak a Otal ɗin Cullinane

Hular ta fi ƙarfin kaina, na sani, ba sai an gaya mini ba. Shuɗiya ce, da gashin tsuntsu a gefe guda wanda yake shafar fuskar duk wanda ya zauna kusa da ni. Amma matar da za a naɗa mijinta Magajin Garin Dublin da yamma ba za ta fito da ɗankwalin cefane ba. Na kafa abata na shiga bas daga unguwarmu East Wall, direba yana ta satar kallona ta madubi, har sai da na ce masa ya kalli hanya, ni matar aure ce.

Mijin nawa shi ne Malachy Gahan, kansilan unguwarmu tun gashin kansa yana baƙi. Jam'iyyun da suka haɗa kai a majalisar birni karɓa-karɓa suke yi da kujerar Magajin Gari, kowa shekara guda, bana kuma ta faɗo kan jam'iyyar su Malachy. Kowa ya san tasa ce. Mai kifi ya sani, mai aski ya sani, hatta matar da muke gaba da ita a layinmu ta fara gaishe ni. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe a majalisa, don gwiwoyinsa sun ce sun gama yawon ƙofa-ƙofa, saboda haka in ta wuce shi bana ta wuce shi ke nan har abada. Abin da ya rage kawai shi ne kansilolin jam'iyyar su ci abincin rana a Otal ɗin Cullinane su fitar da suna, da yamma a tafi Zauren Birni a yi zaɓe.

Ni ba a haife ni da haƙuri ba, shi ya sa na riga kowa zuwa na zauna a falon otal. Duk otal ɗin da yake ji da kansa a garin nan yana da ramin harsashi na zamanin Tawayen Ista, wanda aka yi wa mulkin Ingila, da yake nuna wa baƙi, amma na Cullinane har goge shi ake yi kowace safiya. Tsakanin Majalisar Dokoki da Gidan Magajin Gari yake, kuma an ce gwamnatocin da aka kayar a kan kujerun falon nan sun fi waɗanda aka kayar a akwatin zaɓe yawa. Ƙanwata Dympna ce mai kai shayi a wurin tun tana budurwa. Takan ce in ka ga ministoci biyu suna raba kek ɗaya, to wani na uku ya kusa rasa aikinsa.

Ina zaune ina gyara gashin tsuntsuna sai ga Dympna ta fito daga ɗakin taron, fuska fara fat. Ta ɗora faranti a kan fiyano, ta zo ta zauna kusa da ni, abin da ma'aikacin Cullinane bai taɓa yi ba a gaban baƙi.

"Cepta, cire hular nan."

"Me ya faru? Zuciyarsa ce?"

"Da ita ce ai da sauƙi. Sau ɗaya ta yi masa tayi."

Wadda take nufi ita ce Femke Lacey, shugabar kansilolin jam'iyyar. Ubanta ɗan garin nan ne, uwarta 'yar Holan, a can kuma ta girma. Yarinya ce mai ƙwazo, a keke take zuwa ko'ina, ba ta taɓa makara ba, in ta ce za a gyara fitilar titi to za a gyara. Ina son ta sosai, har zuwa wannan rana.

Duk wanda uwarsa ta yi masa tarbiyya a ƙasar nan ya san yadda ake karɓar tayi, na shayi ne ko na sarauta. Da farko ka ce a'a, Allah ya sawwaƙe. A na biyu ka ce kada a wahala saboda kai. Sai a na uku, bayan an kama hannun rigarka an ce haba dai, haba dai, sannan ka ce to, tunda an dage. Wanda ya ce i tun farko ko mayunwaci ne ko mai ji da kai, kuma a Dublin gara a kama ka da sata da a ce kana ji da kanka.

Dympna ta ce ana gama cin nama Femke ta ajiye cokali ta dubi Malachy ta tambaye shi, a gaban kowa, ko yana son kujerar. Shi kuwa ɗan halak ya yi yadda ya kamata: ya dafa ƙirji ya ce haba, shi wa, tsoho da shi, a ba masu jini a jika. Duk teburin ya ja numfashi don a fara lallashi. Tsohon kansilan unguwar Cabra har ya buɗe baki, hannunsa ya kama hanyar hannun rigar Malachy. Sai Femke ta ce ta gode da ya faɗi gaskiya, ta juya kan na kusa da shi.

Na kusa da shi ya ƙi, na gaba ya ƙi, kowa yana ƙi da ƙarfi don maganar ta yi sauri ta zagayo kan mai ita. Har aka iso kan Canice Prendergast, wani lauya daga can ƙetaren kogi, mai man gashi kamar an lashe shi, wanda ya taɓa kirana Misis Gannon a bikin 'yata. Ya ɗaga kai ya kalli silin, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɗora wa kaya.

"To, in dai babu mai so, ba zan bari jam'iyya ta ji kunya ba."

Femke ta ce madalla, an gama, a kawo kayan zaƙi. Dympna ta rantse mini wanda ya fara tafi shi ne mijina.

Na tambaye ta ko duk ƙartin nan babu wanda ya iya buɗe baki. Ta ce yaya za su yi? Wanda ya miƙe ya ce Malachy yana so ai ya ƙaryata shi ne a bainar jama'a, ya kuma tona masa asiri cewa yana da buri. Abokansa ne, ba za su yi masa wannan cin fuska ba. Haka suka zauna suna cusa kayan zaƙi, kowa ya sunkuyar da kai.

Ba a jima ba suka fara fitowa, duk wanda ya hango hulata sai ya tuna yana da uzuri a banɗaki. Canice ya wuce mashaya kai tsaye, tun daga lokacin yana tafiya da wuya a miƙe, yana gwada nauyin sarƙar Magajin Gari da ba a rataya masa ba tukuna. Malachy ne ya fito a ƙarshe yana murmushi, irin murmushin da yake yi a jana'iza.

Ya ce ba komai. Ya ce hutu ne ma. Ya ce ya ji labari Gidan Magajin Garin nan na titin Dawson sanyi gare shi, ga matattakala, ga baƙi kullum, da wahala kawai zan sha.

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Ni zai gaya wa ba ya so? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Magajin Gari shi ne kuma sarkin ruwan tashar jiragenmu, sau ɗaya a shekara yakan shiga jirgi ya jefa mashi cikin teku don a tuna iyakar gari. To tun sanyin bara mutumin nan yake jifa da sandar igiyar shanyata a bayan gida. Ya fasa wa maƙwabciyarmu taga, ya tsire mata kabeji, ya ce wai tsuntsayen teku yake kora. Wata safiya na same shi a gaban madubi da sarƙar keke a wuya, ya ce tsatsa yake dubawa. Duk na lissafa masa wannan a falon Cullinane, da muryar da nake zaton ƙasa-ƙasa ce, sai da wasu Amurkawa suka ajiye taswira suna saurare.

Ya ce iska yake son sha, ya sulale ta ƙofar nan mai juyawa ya bar ni tsaye.

Na ce wa Dympna ta ɗauko butarta. Muka sami Femke a lungun da ke kusa da taga, kofin shayi a gabanta, waya a hannu. Ta miƙe ta gaishe ni da fara'a, ta yaba hular, ta ce ta yi mamaki ƙwarai da Malachy ya ƙi, ita da take ganin babu wanda ya fi shi cancanta. Na ce ta zauna ta buɗe ido, kada ta ce komai.

Akwai wani tsohon Fada, limamin coci, da yake zuwa kullum ya karance jaridun otal kyauta. Dympna ta nufe shi da farantin kek. Ya ɗaga hannu biyu ya ce Allah ya kiyaye, yanzu ya tashi daga kan abinci. Ta ce ɗan ƙarami dai, Fada. Ya ce kada ta wahalar da kanta, likita ma ya hana shi. Ta ce haba dai, haba dai, zubarwa za a yi. Fada ya ce to, tunda zubarwa za a yi, almubazzaranci zunubi ne. Ya ɗauki biyu, ya naɗe na uku a hankici ya sa a aljihu.

Femke ta saki baki. Na ga abin yana sauka a kanta a hankali, sannan ya rufto gaba ɗaya. Ta ce ashe shi ya sa surukarta ta daina yi mata magana tun wata Kirsimeti da ta ce ba za ta ci talotalo ba, ita kuma ta kwashe farantin. Ashe shi ya sa maƙwabcinta yake harararta tun ranar da ta tsaya da mota ana tafka ruwa, ya ce ta wuce abinta tafiyar ƙafa yake sha'awa, ta wuce. Ta tuna masu fenti da suka yini a gidanta ba su sa komai a baki ba, ta ɗauka azumi suke. Dariya ta kama ta, ta kama Dympna, ni ma da nake cike da fushi ta kama ni, gashin tsuntsuna ya shiga idon yarinyar. Na ce a raina shi ke nan, an gyara, yanzu za ta fita ta yi masa sauran tayi biyun mu tafi.

Ta goge ido ta ce, "Misis Gahan, ba zan sake tambayarsa ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce ta gane kuskurenta, kuma a yau za ta buga wa surukarta waya. Amma ba za ta ƙwace kujera daga wanda ya ce i ta miƙa wa wanda ya ce a'a ba. Ta ce Magajin Gari zai tsaya gaban minista ya nema wa mutanen East Wall gidaje da katangar tare ambaliya, kuma minista ba zai kama hannun rigarsa yana haba dai, haba dai ba. In Malachy yana so, ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban sauran kansiloli. In bai zo ba, tana gama shayin nan za ta buga wa sauran jam'iyyu waya ta ba su sunan Canice, daga nan kuma bakin alƙalami ya bushe.

Na so in mare ta, na rantse. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ta faɗa.

Dympna ta kalli kofin, ta kalle ni, ta karkata buta ta cika shi har baki. Femke ta ce a'a, ta gode, ya ishe ta. Dympna ta ce haba dai, 'yar nan, ɗan kaɗan. Femke ta ce da gaske take yi. Dympna ta ce ta sani, kowa ma haka yake cewa, ta ƙara madara. Na bar su a haka na fita, na san in dai ƙanwata tana tsaye da butar nan kofin ba zai ga ƙasansa ba.

A kan matattakalar otal na same shi, gefen mai tsaron ƙofa. Na fito da maganganu cike da bakina, amma da na ga yadda yake tsaye sai suka maƙale. Hannu biyu a baya, ƙafafu a haɗe, ido a kan takalmi. Na san tsayuwar nan. Tun ina yarinya nake ganin ta a bakin gaɓa, in na kai wa babana abin karin kumallo. Kowace asuba 'yan dako sukan taru, ogan lebura ya hau akwati ya kira sunayen waɗanda za su sauke kayan jirgi, wanda bai ji nasa ba ya koma gida hannu wofi. Ba a ɗaga hannu, ba a matsawa gaba. Wanda ya nuna zalama oga zai tsallake shi da gangan, don ya koya masa hankali.

"Tsayuwar babanka kake yi," na ce.

Bai ɗago ba. Can ya ce Christy Gahan, wato mahaifin nasa, duk ranar da ba a kira shi ba yakan dawo gida yana fito, ya ce ai jirgin kwal ne, dama ba ya so. Uwarsu ta ce gaskiya ne, kwal ɓata riga yake yi, sannan ta ƙara ruwa a miya. Ya ce har tsohon ya koma ga Allah bai taɓa jin ya ce yana son wani abu ba, shi kuma ya taso yana ganin hakan shi ne mutunci.

Tausayinsa ya kama ni, amma ba lokacin kuka ba ne, shayi yana hucewa.

"Kana so, Malachy?"

"Haba Cepta, ni wa?"

"Kana so?"

"Bar shi kawai, kada a ta da hankalin mutane saboda ni."

Ya ɗan karkato da kunne yana jiran na uku, har ya shirya bakinsa. Na gyara jakata na kalli tantabarun da ke kan titi.

"Na uku ba zai fito daga bakina ba," na ce. "Ba kuma zai fito daga bakin kowa ba a garin nan yau. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In kana so ka shiga ka faɗa, in ba ka so in je in ba matar Canice hular nan, ita ma kanta ƙarami ne."

Ya kalle ni kamar na ce ya tuɓe wando a gaban coci. Ya kalli mai tsaron ƙofa, shi kuma ya duƙufa goge ramin harsashin da aka riga aka goge. Sai ya saki hannayensa daga baya, ya ja ƙasan kwat ɗinsa, ya faɗa cikin ƙofar mai juyawa.

Ta juyo da shi waje. Ya wuce ta gabana fuska jawur, bai tsaya ba, ya sake komawa, ta sake juyowa da shi. Mai tsaron ƙofa ya cire hula ya riƙe a ƙirji. A zagaye na uku ne ƙofar ta tofar da shi cikin falo, ni kuma na bi shi a guje, gashin tsuntsuna ya maƙale ya karye a hanya ban ko waiwaya ba.

Falon ya cika maƙil a lokacin, ga 'yan majalisa da suka tsallako shan shayi, ga 'yan jarida masu jiran abin rubutawa, ga 'yan wani biki da amaryarsu suna ɗaukar hoto a gindin matattakala. Kansilolinmu sun taru a ƙofar mashaya. Femke tana nan a lungunta, ta rufe kofi da tafin hannu, Dympna tana neman inda za ta zura bakin buta ta tsakanin yatsunta.

Malachy ya tsaya a tsakiyar darduma. Ya buɗe baki ba abin da ya fito. Ya sake buɗewa.

"Femke, ina so."

Mai kaɗa fiyano ya tsaya. Fada ya sauke jarida, kek a kumatu. Dympna ta ce Yesu da Maryamu da Yusufu, ta zuba shayi a kan takalmin Femke. Wata tsohuwa cikin 'yan biki ta toshe wa jikarta kunne.

Ashe abin da aka daɗe ana dannewa in ya ɓalle ba ya tsayuwa. Ya ce yana son kujerar, tun ranar da aka fara zaɓensa yake son ta. Yana son sarƙar, ta gaske, ta zinariya. Yana son gidan titin Dawson da sanyinsa da matattakalarsa. Yana son ya hau tsohon keken dokin nan mai ado na Magajin Gari ya ɗaga wa jama'a hannu kamar wani shashasha. Yana son ya jefa mashin, kuma shi ne ya fasa tagar maƙwabciyarmu, ba tsuntsu ba. Yana son katangar ambaliya, kuma zai je ya zauna a ofishin minista har sai an gaji da ganinsa. Daga nan ya juyo kaina, ido ya rufe, ya ce kuma tunda ana faɗar gaskiya, shi bai taɓa son dafaffen kabeji ba. Shekara arba'in ina dafa wa mutumin nan kabeji da naman alade duk Lahadi yana cewa babu kamarsa. Na ce masa wannan maganar za mu yi ta a gida.

Amurkawan nan suka fara tafi, su kaɗai, don ba su san abin kunya aka yi ba.

Femke ta miƙe, takalmi yana ɗigar shayi, ta ce to yanzu masu so sun zama biyu, sai kansiloli su koma ɗaki su zaɓa. Duk ido ya koma kan Canice, wanda ya fito daga mashaya da kofin giya a hannu. Lauya ne, kansa yana ja. Ya san shi da bakinsa ya ce in babu mai so, ga shi kuwa mai so ya fito a gaban 'yan jarida. Amma ya san Malachy, ya san tarbiyyarsa, ya lissafa cewa mutumin da ya gama zubar da mutuncinsa haka zai so ya ɗan tsince shi. In ya yi masa tayi a gaban jama'a, dole Malachy ya ce a'a ko sau ɗaya ne, shi kuma ya cafke a'ar nan kamar yadda Femke ta yi. Na ga dabarar a idonsa tun kafin ya ajiye kofi. Ya tako ya dafa kafaɗar mijina, ya ɗaga murya yadda na bayan fiyano ma zai ji.

"Malachy, ɗan'uwa, ai da ka yi magana. Ga ta nan, na bar maka, ka karɓa."

Na ga hannun Malachy ya kama hanyar ƙirjinsa, na ga leɓensa ya fara haɗa haba ni wa. Ya kalle ni, ya kalli ragowar gashin tsuntsuna. Hannun ya sauya hanya ya kama na Canice.

"Na gode, Canice. Na karɓa."

Ban taɓa ganin man gashi ya dushe a kan mutum ba sai ranar. Canice ya tsaya hannunsa a cikin na Malachy ana girgiza shi, bakinsa yana motsi, yana jiran a ce masa haba dai shi ma ya riƙe, babu wanda ya ce. Tsohon kansilan Cabra ya fashe da kuka ya rungume Fada. Femke ta buga wayarta a tsaye. Ni kuwa daɗi kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha, na kama ango muka taka rawa biyu kafin na tuna ban san shi ba.

Da yamma rana tana nan sama, irin ta ƙarshen Yuni, muka taka zuwa Zauren Birni. Ni da Dympna muka sami wuri a benen baƙi, na ƙi cire hular duk da gunagunin na bayana. Wani ɓangaren ya tsayar da nasa mutum, don haka sai aka yi zaɓen kiran suna: magatakarda ya kira kansila, kansila ya faɗi sunan wanda yake so.

Aka fara. Na farko ya ce Gahan. Na biyu ya faɗi ɗayan. Na uku ta ce Gahan. Sai abin ya miƙe, Gahan, Gahan, daga wannan kusurwa, daga waccan, da muryar maza da ta mata, wani da ƙarfi wani ciki-ciki. Canice ma ya faɗa, kamar ana cire masa haƙori. Ina ta ƙyalƙyala dariya ina zungurar Dympna, har na leƙa ƙasa na ga mijina. Ya sa hannu biyu a baya, ya sunkuyar da kai, duk lokacin da aka ambaci sunan sai kafaɗarsa ta motsa. Dariyar ta tsaya mini. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa a bakin gaɓa yana jiran a kira sunan nan sau ɗaya da asuba, yau ga shi ana ta kiransa a Zauren Birni ba ƙaƙƙautawa.

Magatakarda ya iso kansa ya ce, "Kansila Gahan?"

A al'ada ɗan takara cikin riga yake faɗar sunansa, yadda sai an kasa kunne. Malachy ya miƙe, abin da ba a buƙata, ya ɗaga kai sama, ya kira shi da irin muryar da ogan lebura yake yi a kan akwati, wadda ake ji daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Gahan!"

Zauren ya ɗauki dariya da tafi, suna cewa lallai tsohon ya ji daɗin son abu. Ni kaɗai na san ba kansa ya kira ba. Hawaye suka ɓalle mini, suka wanke duk hodar da na shafa tun safe.

Dympna ta zaro hankici ta miƙo mini. Na ce a'a, ta bar shi, lafiyata ƙalau. Ta ce haba dai. Ban jira na uku ba, na fizge.